Famfas, zafin bazara da ɗuwawun jariri

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, da wuya ranar riga-kafi ta wuce a ƙaramin asibitin da nake aiki ba a nuna mini jariri mai saɓaɓɓen ɗuwawu ba. Allura ce ta kawo uwar, amma in an gama sai ta rage murya ta ce, "Malama, don Allah duba mini nan, kwana biyu ba ya barci." A fatar yaranmu jan ba ya fitowa sosai. Sau da yawa sai dai a ga wurin ya yi duhu yana sheƙi, wani gefen ya saɓule, yaron kuma ya tsandara kuka da zarar ruwa ya taɓa shi.

Tambayata ta farko ba ta canjawa: yaushe kika sa masa wannan famfas ɗin? Amsar da na fi ji ita ce, "Tun da asuba," alhali ana shirin kiran azahar. Ba na ganin laifin iyayen nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin komai ya tashi, gidaje da yawa ɗai-ɗai suke sayen famfas a shagon unguwa. Uwa ta taɓa ta ji bai cika ba, sai ta ce bari ya ƙara ɗan lokaci. Lissafin kuɗi take yi, kuma lissafin gaskiya ne. Sai dai abin da aka yi tsiminsa a famfas yakan tafi a kuɗin magani, ga rashin barci ga kukan yaro.

Abin da ke faruwa a cikin famfas ɗin shi ne, in fitsari ya haɗu da kashi, ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin sukan farfasa fitsarin ya koma ammoniya, wato warin nan mai hawa kai da ake ji in an kwance na safe. Ammoniyar ce ke tayar da sinadaran narkar da abinci da suka biyo kashi, su ci gaba da aikinsu a kan fata. Fatar kuwa siririya ce, ta riga ta jiƙe ta yi laushi, ga gumi, ga gugar roba a matsematsi. Shi ya sa nake cewa fitsari kaɗai yana iya jiran awa biyu zuwa uku, amma kashi ba ya jira ko kaɗan, ko da tsakar dare ne. Abin ya fi yawa tsakanin wata 9 zuwa 12, lokacin da yaro ya saba da kunu da tuwo kashinsa ya sauya, da lokacin gudawa, da kuma bayan ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ga wadda kuɗin famfas ya yi wa nauyi, shawarata ita ce kada ta ja guda ɗaya ya yini. Ta ajiye shi don dare da zuwa unguwa, da rana a gida ta koma kunzugu. Tsohon zanin auduga da ya sha wanki ya yi laushi, a yanka shi gida-gida, ya wadatar. Inna da shi ta raine mu duka, kuma ta san lokacin kowannenmu: da yaro ya fara muƙu-muƙu ta ɗora shi a ƙafafunta. Kyawun kunzugu shi ne ba ya ɓoye jiƙa, nan take za ki sani ki canja. Sharaɗinsa a ɗauraye shi har sai kumfa ta ƙare tas, domin ragowar sabulu na cin fata, a kuma shanya a rana ya bushe ƙayau. Wandon robar da ake ɗorawa a kai kuwa, a wannan zafin, shi ke mayar da wurin gumi. A rage amfani da shi.

In fatar ta riga ta saɓe, maganin farko iska ce, kuma kyauta take. A shimfiɗa leda a kan katifa ko tabarma, a rufa zani, a kwantar da yaro ba komai a ƙugunsa bayan wanka da bayan kowane tsarki. Iyakar daɗewar da za a iya. Na san kakanni ba sa son haka, ana cewa sanyi zai kama shi. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "Yarinya, tsirara za a bar mini jika?" Na ce, "Hajiya, a sa masa rigarsa, ƙasan kawai za a bari, a cikin ɗaki." Ta yarda, kuma da suka dawo allura ta gaba ita da kanta ta kwance ta nuna mini.

Wajen tsarki, ruwa mai ɗumi-ɗumi a buta da hannu mai tsabta ko auduga sun isa. Kada a dirza. A dangwala tsumma mai laushi har wurin ya bushe, a bi lungunan cinya, 'ya mace kuma a wanke daga gaba zuwa baya. Sabulu mai ƙamshi, da tishu mai danshi mai turare, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwan wanka, duk a jingine su; a kan saɓaɓɓiyar fata yaji suke yi.

Bayan ya bushe sai a shafa abin da zai raba fata da jiƙa: basilin mara ƙamshi, ko farin man nan mai kauri da aka rubuta zinc oxide a jikinsa. A lafta shi da kauri, kamar yaɓen soro kafin damina. In an zo canji na gaba kada a ce sai an kankare shi duka. A share wanda ya ɓaci a sama, a ƙara sabo. Masu man kaɗanya ba na hana su, in tsantsarsa ne ba a haɗa shi da turare ko wani gari ba. Hoda ce ba na so. Tana tashi yaro ya shaƙa, wadda ta zauna a matsematsi kuma ta cure da gumi ta ƙara guga.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne man shafawar nan mai haɗin magani uku da ake miƙa wa uwa a kemis da zarar ta ce yaro na da ƙuraje. Yawancinsu akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wato maganin da ke kwantar da kumburi da jan fata. In kin ga betamethasone ko clobetasol a jikin kwalin, shi ne. Yana ruɗi, domin a kwana ɗaya jan yakan kwanta, uwa ta yi murna ta gaya wa maƙwabciya. Amma fatar jariri tana zuƙar magani fiye da ta babba, balle an rufe da famfas ga ɗumi ga danshi. In aka daɗe ana shafawa fata takan yi siriri, ƙurajen su dawo da ƙarfi in an daina, maganin kuma yana iya shiga jini ya taɓa jikin yaron gaba ɗaya. Ko sitiroyid mara ƙarfi, hydrocortisone, ma'aikacin lafiya ne ke rubuta shi, na 'yan kwanaki kawai.

Akwai kuma nau'in da basilin da iska ba sa warkarwa su kaɗai, wato wanda funfuna ta shiga, wadda ake kira kandida. Saɓar fitsari da kashi takan tsaya a tudun ɗuwawu da inda famfas ke taɓawa, ta bar lungunan. Kandida kuwa lungunan take shiga, ta yi jajir, da ƙananan ƙuraje warwatse a gefe. In na ga haka sai na buɗe bakin yaron, domin sau da yawa akwai fari-fari a harshe da kumatu wanda ba ya gogewa. Wannan man clotrimazole ko nystatin yake buƙata, kuma a ci gaba da shafawa har kwanakin da aka faɗa su cika ko da an ga sauƙi.

In an yi kwana 3 ana canji a kan lokaci, ana ba wurin iska, ana shafa mai, ba sauƙi, a kawo shi asibiti. Kada a jira kwana ukun in akwai zazzaɓi, ko ƙuraje masu ruwa, ko mugunya, ko jini, ko abin ya haura ciki da baya, ko yaron ya ƙi nono. Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, ranar za a kawo shi. In gudawa ce tushen abin, kada a ce haƙori ne a zauna. Yaro na buƙatar ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, ɗuwawun kuma ba zai warke ba sai cikin ya tsaya.

Bayan an warke wurin kan bar tabo mai haske ko mai duhu, iyaye su tsorata su koma kemis neman abin da zai daidaita launin. Ba ya buƙatar komai sai basilin. Launin yana dawowa da kansa cikin makonni, wani yaron har 'yan watanni.