Burgamin kawu ya mutu, na shiga Kurmi neman wani

Sati biyu kafin ƙaramar Sallah na ɗauko burgamin da na gada wajen kawuna, ina ɗagawa gindinsa ya ɓalle, gara ta gama da shi tas. Wallahi sai da na ji kamar in yi ƙwalla, don da shi ya yi shekaru yana bin ayarin 'yan bindiga a Hawan Daushe, ni kuma a wajensa na koyi ɗura bindigar toka.

Washegari na shiga kasuwar Kurmi wajen dukawa. Nan fa ido ya raina fata, jakunkuna ga su nan ja da kore da tuntaye har ƙasa, amma yawancinsu na baƙi ne masu sayen tsaraba, kyau kawai. Wani dattijo ya tambaye ni me zan zuba, da na ce kayan bindiga sai ya ce "to ɗan nan ajiye wannan, ba taka ba ce", ya jawo wata ƙarama ta fatar jar akuya, irin ta Sakkwato da Maraɗi, mai murfi da ke rufe baki ruf da aljihu biyu a ciki. Na ce Baba ai ta yi ƙanƙanta. Ya ce babbar jaka tarkace take tarawa. Kuma gaskiyarsa, ta kawu ma da na zazzage har da goron da ya bushe da tsohon katin zaɓe.

Abin da na fi dubawa maratayi ne. In ya yi tsawo jakar ta dinga dukan cinya kenan kana gudu, in ya yi gajere hannu ba ya shiga. Daidai ƙugu nake so, ta yadda zan zura hannu in lalubo abu ba sai na duba ba, don a cikin hayaƙin nan da ƙura da dawakai a bayanka babu lokacin leƙe.

Albarushi dai ba ya kwana cikin jakata, yana cikin ƙahonsa mai toshe, a rataye daban, nesa da ashana. Abin da ke aljihun gaba ɗan mudun awo ne, kuma kawu bai taɓa yarda a zuba daga ƙaho kai tsaye zuwa bakin bindiga ba, saboda bayan harbi wani lokacin akwai sauran wuta a ciki, in ta kama duk abin da ke hannunka ne zai tashi. Na taɓa yin ganganci sau ɗaya, mari na sha a gaban mutane, ban sake ba.

Sai tsumma da na yayyaga tun a gida don toshiya, da tsinken ƙarfe na buɗe ƙofar wuta, wato 'yar kafar da wuta ke bi ta kai ga albarushi, in toka ta cushe ta, na ɗaure shi da zare don ɓata gare shi kamar me. Aljihun baya kuma 'yar kwalbar man keke da ƙyalle, tunda dattin albarushi yana jan laima, ka bar shi kwana biyu tsatsa ta ci maka bututu. Ranar hawa harsashi ko ɗaya ba na ɗauka, ƙara kawai ake so.

Takardar izini tana cikin leda a can ƙasa. Layar kawu kuwa na rasa inda zan sa ta, a ƙarshe baduku ya ɗinke min ita a jikin maratayin, bai ma karɓi ko sisi a kanta ba.