Kwana bakwai a kan Bahar Rum da Hajiya da yara uku

Kwana huɗu ke nan da dawowarmu daga yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, amma har yanzu in na sunkuya ina alwala sai in ji ƙasa tana ɗan lilo da ni. Maman yara ta ce ita ma haka, auta kuwa kullum ya farka sai ya tambaya yau a wane gari muka tsaya. Bari in rubuta tun abin bai huce ba.

Mu shida ne: ni, maman yara, 'yan mata biyu, auta, da Hajiya mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ya daɗe yana damunta. In gaskiya za a faɗa, gwiwar Hajiya ce ta zaɓa mana jirgi. Yara sun ƙwallafa rai a kan Icon of the Seas, ƙaton jirgin nan da ya fara aiki a 2024, mai hawa 20, mai ɗaukar fasinja sama da 7,000. Amma daga Miami yake tashi ya zaga tsibiran Karibiyan. Ke nan sai mun nemi bizar Amurka mu shida, ga hutun makaranta ya faɗo cikin lokacin guguwar teku, wadda ake fargabarta daga Yuni har Nuwamba. Muka haƙura. Na koma kan tsibiran Girka, saura kaɗan in biya, sai na karanta cewa a Santorini babban jirgi ba ya matsowa gaɓa. Daga nesa yake tsayawa, a kwaso ku a ƙananan jirage, garin kuma yana can bisa dutse: ko ka bi dogon layin motar da ake ja a kan waya, ko ka taka matakala kusan 600. Na ɗaga kai na ga Hajiya tana ƙoƙarin miƙewa daga kujera da sandarta, na rufe shafin.

Akwai wata dabara da kamfanonin nan suke yi wadda ta kusa cin ni. A jadawalin wani jirgi an rubuta Roma da manyan baƙaƙe, a gefe kuma da ɗan siririn rubutu an sa Civitavecchia. Ashe nan ce tashar, kuma tsakaninta da Roma kusan kilomita 80 ne. Kafin ka fita tasha, ka hau jirgin ƙasa, ka je ka dawo, rabin yinin ya tafi a hanya. Haka wanda aka rubuta masa Benis, birnin Italiya da ke kan ruwa: tun 2021 aka hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin, sai su sauke ka wani wuri. Daga ranar na ɗauki biro da takarda, kowane gari in rubuta abu biyu a gabansa: nisan tasha da cikin gari, da awa nawa jirgi zai tsaya. Da wannan lissafin muka tsaya a kan zagayen da ke tashi daga Basalona, ya bi Marsai, Jenowa, Napoli, Mesina da Baleta ta Malta, a yi yini ɗaya cur a kan ruwa, a dawo Basalona. Ƙasashe huɗu, Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta, kuma biza ɗaya ta Shengen ta ishe su duka.

Ɗaki kuwa, mai sayar mana da tikiti ya yi ta kwaɗaita min hawa na sama can gaban jirgi, wai a nan ake ganin teku sosai. Na ƙi. Na ɗauki ɗakuna biyu a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, kusa da lifta. Mai baranda na Hajiya da 'yan mata, mu kuma da auta muka shiga na ciki marar taga don a rage kuɗi. Wannan ɗaki marar taga shi ya sa na makara sallar Asuba a rana ta farko, don duhunsa da ƙarfe tara na safe ɗaya yake da na tsakar dare.

Mun isa Basalona kwana ɗaya kafin tashi, kuma ban yi da-na-sanin kuɗin otal ɗin ba. In jirgin sama ya yi maka latti, na ruwa ba ya jira. A tasha ne muka haɗu da mutum ɗaya tilo da ta ɓata mana rai a duk tafiyar, wata ma'aikaciya a teburin rajista. Ta karɓi fasfon Hajiya ta jujjuya shi kamar an tsinto shi a bola, ta riƙa ɗaga murya tana magana kalma ɗaya-ɗaya, sai ka ce kurma take yi wa bayani. Da aka zo ɗaukar hoto, sai ta ƙyasta wa tsohuwa yatsu a fuska wai ta kalli kyamara. Hajiya ta juyo ta dube ni ta ce, "Kai, wannan yarinya ba ta da manya a gidansu ne?" Na haɗiye abin da ya zo min baki. Ana cikin haka wani saurayi cikin masu aikin ya hango sandar Hajiya, ya turo keken guragu, ya bi da mu ta wata ƙofa, cikin minti goma sai ga mu a ciki.

Kafin jirgi ya motsa sai da aka sa kowa ya je ya ga wurin da zai taru in hatsari ya auku, aka nuna yadda ake sa rigar ceto, aka busa ƙaho gajeru bakwai da dogo ɗaya don kunne ya san shi. Na ji wasu suna gunaguni. Ni dai na tsaya na saurara, don na san dalilin tsaurara dokar: jirgin Costa Concordia da ya kife a gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka mutu, kuma a cikin fasinjojin akwai waɗanda suka hau ranar, ba a kai ga yi musu wannan bayani ba.

Daren farko ma ya isa ya nuna min ban yi wauta ba wajen zaɓen ɗaki. Tsakanin Basalona da Marsai akwai mashigin da iskar da Faransawa ke kira Mistral take hurowa daga tudu, kuma ranar ta huro. Wajen ƙarfe biyu na ji ƙyauren durowa yana buɗewa yana rufewa da kansa. Da na leƙa waje sai na ga an rataye jakunkunan amai a jikin matakala. Mu a tsakiya lilo ne kawai kamar na goyo, Hajiya ma ba ta farka ba. Da safe wani magidanci da muke teburi ɗaya da shi, wanda ya biya kusan ninkin kuɗinmu don ɗakin sama na gaba, ya zo fuska a yamutse, ko shayi ya kasa sha.

Sai maganar kuɗi, inda nan ne nake da ƙorafi. Farashin da aka tallata na ɗaki ne da abinci da wasannin dare. Sauran duk ta kati ne, katin da ke buɗe ɗakinka shi ne kuma walat ɗinka, kuma da yake ba ka ƙirga takarda da hannu, ba ka jin zafin fitarta. Ruwan roba, kuɗi. Lemo a wurin cin abincin dare, kuɗi. Intanet, kuɗi mai tsoka, ga ta da nawa. Masu hoto suna tare ka a bakin ƙofa su ɗauka, gobe ka tarar da fuskarka an sa mata farashi. Sannan akwai kuɗin hidima da ake rubuta wa kowane mutum a kowane dare ko ka so ko ka ƙi. A rana ta uku na kunna talabijin ɗin ɗaki na duba lissafi, sai ga layi bakwai na ɗakin wasan yara. Auta ne ya gano katinsa yana kunna motar tsere. A gida yaron nan sai ya bi ni daga falo har bakin mota kafin ya samu kuɗin alewa, a nan kuwa an rataya masa asusuna a wuya. Na sauka na sa aka toshe katunan yara duka. Maman yara ita ma ta mance ba ta kashe layinta ba, wayar ta kama sabis ɗin jirgi na tauraron ɗan'adam, kafin safiya ta cinye abin da ke ciki tas.

Kuɗin hidimar nan na yi niyyar zuwa in yi rigima a kansa, mai kawo mana abinci ne ya sanyaya min jiki. Ɗan Indonesiya ne, Musulmi. Tun daren farko ya lura da yadda muke bin takardar abinci da tambayoyi, sai ya riƙa kawo mana ta gobe tun yau, ya sa biro ya ja layi a kan duk abin da aka sa wa naman alade ko giya, har miyar da ba za ka taɓa zato ba. Hajiya yake kira Ibu, wato uwa a harshensu, ita kuma tana ce masa "ɗana", ba mai jin yaren wani amma hira suke yi. Ranar da babbar 'yarmu ta tashi da jiri, ya kawo mata koren tuffa da busasshen biskit ya ce da su ma'aikata suke maganin abin. Shi ya nuna min tashar talabijin da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita nake gane alƙibla, ko da yake wani lokaci kana raka'a ta biyu jirgi ya karkata. Ya ce wata takwas yake yi bai ga 'ya'yansa ba, ba kuma ranar hutu cikakkiya. Ban je rigimar ba.

Marsai ba ta burge mu ba, tashar tana da nisa da gari, sai da muka biya bas. A Jenowa da ƙafa muka taka zuwa gidan kifayen da aka buɗe a 1992 a tsohuwar tasha, yara suka ƙi fita.

Napoli ce ta tsaya min a rai. Jirgi yana tsayawa ne a tsakiyar gari, kana saukowa ga tsohuwar ganuwa a gabanka. Ina so 'yan mata su ga Pompei, garin da dutsen Besubiyus mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79 Miladiyya. Kuɗin da jirgi ya yanka wa mutum uku ya yi min yawa, sai na fita na yi ciniki da mai tasi. Ya faɗi kuɗi, na raba biyu, ya ɗaga hannuwa sama yana kiran sunan mahaifiyarsa, na juya zan tafi, ya riƙo hannun rigata. Muka daidaita, har da jira. Mun ga titunan dutse da sawun keken doki ya ƙwaƙule, da gidan burodi da tandunsa, da siffofin mutanen da toka ta rufe. Ƙaramar ta yi shiru har muka fito. A hanyar dawowa muka faɗa cunkoso, a nan na tuna abin da aka faɗa mana: in da motar jirgi ka tafi za a jira ka, in da kanka ka tafi, kai ka sani. Ga Hajiya da fasfo a ciki. Saura minti 20 muka iso. Muna hawa muka ji ana fito da tafi daga barandu, ashe wasu mata da miji ne suke sheƙa gudu da ledoji ana shirin janye gada. Da kyar suka sha.

Mesina agogon coci kawai muka kalla, wanda da tsakar rana zakin tagulla yake ruri, zakara ya yi cara. A Baleta lifta mai tsawon mita 58 ta ɗauki Hajiya daga bakin ruwa zuwa saman gari, aka harba igwa da ƙarfe 12, auta ya ɓuya a bayan mamansa. Wani mai shago ya ce min kuɗin abu "ħamsin", na ce me ka ce? Ashe harshen Malta daga Larabci ya samo asali, Alhamis ma "il-Ħamis" suke cewa. Hajiya ta yi ta sa shi yana ƙirga mata sittin, saba'in, tana dariya.

Ranar da muka yini a kan ruwa ba wurin zama a bakin wurin iyo, mutum 5,000 kowa ya fito lokaci ɗaya. Barandar Hajiya muka tare.

Daren ƙarshe aka ce a fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta. Muka tattara komai muka fitar, har da takalman auta. Da safa ya sauka Basalona.