Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Fijon Gado

Makon jiya na yi alkawarin yau zan shiga maganar aurena na biyu, to sai a yi mini haƙuri. Shekaranjiya bayan Magariba muna zaune a dakalin ƙofar gida, ɗan maƙwabcinmu da ya karɓo motar Sharon bashi yana Kano zuwa Abuja da ita ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, wai inji in ana dukansa kullum ba hutu, shekara nawa yake kaiwa?" Na buɗe baki zan ba shi amsa sai na ji abu ya tokare mini maƙogwaro. Daren nan barci sai ɓarawo. Fijon gado ce ta dawo mini, ita da maganar da aka yaɓa mini a zauren gidanmu, wadda har yau ban ga wanda ya zo ya janye ta ba.

Masu bin labarin nan sun san bayan rasuwar mahaifinmu Alhaji an raba komai ban da motar. Fijo 504 ce salun, fara, haɗin Kaduna. Tun 1975 ake haɗa su a can, kuma a zamanin in ka ce mota a Arewa to ita kake nufi, ta gwamnati ita ce, ta Alhazan Kwari ita ce, ta haya ma ita ce. Aka zauna a ɗakin Inna aka yanke kada a sayar, a sa ta a layi ni in ja, kuɗi ya dinga shiga hannun Yaya Babba yana riƙe gida. Baffa ne ya kama hannuna ya kai ni tashar Unguwa Uku, ya yi magana da 'yan yuniyon aka sa ni a layin Kaduna.

Baffa, Allah ya jiƙansa, ya ci ƙuruciyarsa a kan babbar mota tsakanin Kano da Legas, tun ana lodin gyaɗa. Ranar da zan fara fita bai yi mini wa'azin gudu ba, bai ce komai a kan fasinja ba. Daga masallacin Asuba ya biyo ni, ya ce in ɗaga bonet. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya goge a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya kara a hasken tocila. Ya lakato man da ɗan yatsa ya murza da babban yatsa a hankali kamar mai taya atamfa, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya kama yatsana ya sa ni na murza. Ya ce in ka ji santsi to da ransa, in ka ji ya tsinke kamar ruwa ko ka ji ƙasa-ƙasa, ko ka ji warin fetur, to ya mutu, gawa kake zagayawa da ita a cikin inji. Ya rufe bonet da tafin hannu ya ce, "Tafiya ba ta kashe inji, rowa ce take kashe shi."

Na ɗauka irin zancen tsofaffi ne.

Wayar mita ta tsinke tun a shekarar farko, ban kuma sake sa wata ba, don haka da sawu nake lissafi. Kano zuwa Kaduna kilomita 230 ne ko kusa da haka. In tashi da lodin farko, in wuce Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari, in sha shayi a tsaye a Kwangila, in sauke a Kawo, in jira layi in juyo. Kilomita 460 ke nan a wuni, kwana shida a mako. In ka cire Sallah da zazzaɓi da ranakun da ake kwana a layin mai, shekara ba ta gaza kilomita 120,000 ba. Baffa ya ce kada baƙin mai ya wuce kilomita 5,000 a cikinta, wanda a tafiyata bai fi kwana goma sha ɗaya ko sha biyu ba. Saboda haka duk Juma'a biyu, kafin a tafi masallaci, ina gareji ana juye. Galan guda sabo dal, a fasa murfinsa a gabana, da sabuwar filta. Da hunturu kuwa, lokacin da ƙura take rufe gari har ba ka hango Goron Dutse daga Dala, duk mako sai na kwance iya kilina, wato matatar iskar da ke shiga inji, na wanke, domin ƙurar nan in ta samu hanya ta shiga silinda aikin sanfefa take yi.

Wannan kuɗin juyen shi ne asalin rigimata da Yaya Babba. Duk ranar da na kawo lissafi ya ga an cire na mai da filta sai ya ɗaga gira. "Kai kullum juye, kullum juye, motar shan man take yi kamar koko?" In ce Yaya haka Baffa ya ce. Ya ce ai Baffa ba shi yake cefane ba.

Shekara uku da wata huɗu na yi ba a kwance ko noti ɗaya a kan injin nan ba, ban da fulogi da fanbel da wankin kafireto. Kwanaki Auta ya buga a waya ya ce kilomita 400,000 ke nan, wai kamar na zagaye duniya sau goma, tunda zagayenta 40,000 ne. Na ce to ni dai Kawo na sani. Shi ne kuma ya nuna mini wani malamin makaranta a Amurka, Irv Gordon, da ya sayi Volvo a 1966 ya yi ta ja har ta haura mil miliyan 3. Abin da na fara tambaya shi ne an taɓa sauke injin? Ya duba ya ce an sauke an gyara, ba sau ɗaya ba. Na ce yawwa, yanzu na yarda. Wanda duk ya ce maka injinsa ya yi irin tafiyar malamin nan ba a taɓa shi ba, ka ƙirga yatsunka bayan kun gaisa.

Akwai laifina guda da zan faɗa tunda na ɗauki alkawarin gaskiya a rubutun nan. Na bari an cire mata tamostat, ɗan abin da ke daidaita zafin inji. Duk garejin Kano a lokacin haka ake yi, wai na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi kawai yake jawowa. Sai bayan shekaru, ina jan Hayis, wani tsohon bakanike da ya yi aiki a kamfani ya zaunar da ni ya ce inji yana da zafin da yake so, wajen digiri 80 zuwa 90, kuma ɗan abin nan shi yake kai shi can da wuri ya riƙe shi. In babu shi, da asubar hunturu sai ka kusa Kwanar Dangora inji bai gama ɗumi ba, fetur yana wanke man jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Ya ce yawancin cin da ƙarfe yake yi wa ƙarfe a tashin sanyin nan ne, kafin mai ya gama zagayawa. Da na sani da wataƙila ta ƙara wata shida kafin ta nemi ringi. Shi ma Baffa bai san wannan ba, kuma ba na jin zai so in faɗa.

Da ta fara neman ringin ba ta ɓoye ba. Hayaƙi shuɗi a salansa in na saki totur a gangara na sake takawa, kuma kafin ranar juye sai na ƙara kusan lita. Hayaƙi kala uku ne ga mai ido: baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri ruwa ne ya shiga ta gasket, shuɗi kuwa mai ne yake ƙonewa. Ban jira ta buga ba. Na shiga Ƙofar Ruwa da kaina na sayo silif da fistin da ringi da metal da gasket. Daɗin Fijo ke nan, silif ɗinta, wato bututun da fistin yake kai-komo a ciki, zarewa ake yi a zura sabo, ba sai an ɗauki bulok an kai an gure ba. Kwana uku aka tashe ta. Na yi mako biyu ina lallaɓa ta kamar amarya, ban wuce tamanin ba, fasinja suna ta tsaki a baya.

Kuɗin wannan aikin ne ya cika wa Yaya ciki. Wata takwas yana ƙunshe da abin, ran nan bayan Isha ya kira ni zaure, Inna tana tsaye a bakin ƙofar tsakar gida, ya ce an gaya masa da bakanike muke haɗa baki. Ya miƙo hannu. Na ciro makulli na sa masa. Inna ta ce in yi haƙuri, babba babba ne. Na yi, amma ban ci tuwon daren ba.

Ƙanen matarsa ya ba wa, aka yi mata fentin haya aka sa ta tasi a cikin gari, Kurna zuwa Bata. Wanda bai san mota ba zai ce ai hutu ta samu, tunda a wuni ba ta yin rabin tafiyar da nake yi. To a dogon titi inji yana samun giya ta sama ya zauna a murya ɗaya awa uku, iska tana dukan lagireto, mai yana zagayawa da zafinsa daidai. A cikin gari kuwa daga giya ɗaya sai biyu, taka birki, ɗauki, sauke, mutum biyu a gaba huɗu a baya da buhun masara a but, a tsaya a cunkoson 'Yankura da rana tsaka inji yana ta aiki mota ba ta motsi. Mita ba ta ƙirga wannan, inji kuwa yana ƙirgawa. Ga shi lokacin wahalar mai ce ta zamanin Abacha, yaron a wajen 'yan bumburutu yake sha, wani fetur ɗin da kananzir a ciki. Baƙin mai kuma na awo yake saya a kwalba a bakin titi, in ya ga ya yi ƙasa ya ɗura, ba ya juyewa. Ruwan lagireto duk wanda ya samu, har na kwata ban cire masa ba. Sau biyu ina tare shi a Rijiyar Lemo ina ce masa, ƙanena, ka juye man nan. Ya ce Yaya ya ce a rage kashe kuɗi.

Rowa ce take kashe shi. Wata bakwai.

A titin Katsina ta buga, da fasinja a ciki. Aka jawo ta da igiya zuwa garejin da nake zuwa, mai garejin ya aiko yaro ya kira ni, ya ce zo ka gani da idonka don kada gobe a ce. Da aka sauke kwanon ƙasa, abin da ke ciki ba ya zuba. Da cokali ya dinga kwasowa yana tarawa a gwangwanin madara, baƙi ƙirin, ya yi kauri kamar kwalta, rariyar famfon mai ta toshe ruf. Ya zaro metal, wato 'yan ƙarafan da kiranshaf yake juyawa a kansu, waɗanda ni na saya da hannuna wata goma sha biyar da suka wuce, ya ɗora mini a tafi. Ya cinye har jan ƙarfen ciki ya fito, gefe guda ya yi shuɗi don wuta. Kiranshaf ya yi zane kamar an ja shi a kan tsakuwa. Na sa guda ɗaya a aljihu, yana nan a cikin akwatin takarduna tare da takardar filina.

Da daddare a zaure, gaban Baffa da Kawu da maƙwabta biyu, Yaya Babba ya ce, "Ai tun a hannunsa ta mutu. Ya tsotse ta a hanyar Kaduna, gawa ya miƙo mana." Baffa ya tsufa sosai a lokacin, ya ɗago kai kamar zai yi magana, sai tari ya sarƙe shi. Ni kuma na ciro metal ɗin daga aljihu na riƙe a hannu, na dubi ƙofar da Inna take tsayawa, na mayar. Aka sayar da motar a yadda take, kuɗin ko rabona ban tambaya ba.

Bayan nan na ja motocin mutane da yawa, ba zan iya jero su ba. Hayis ta kai ni har aka kawo A Daidaita Sahu a 2005, na ga an hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 ina kan wata Golf 'yar Kwatano, wadda mitarta take nuna abin da ko yaro ba zai yarda ba, don kujerar direba ta lotsa, robar kulochi ta suɗe. Ita ce ta koya mini taimin bel, bel ɗin da ke daidaita bugun inji, abin da Fijon ba ta da shi don ita sarƙa ce. Duk a cikinsu babu mai motar da ya taɓa cewa na kashe masa inji. Ko ɗaya. A je Unguwa Uku a tambaya, akwai sauran waɗanda suka san ni.

Yaya ya rasu, na yi masa wanka da hannuna, na kuma yafe masa tsakanina da Allah. Amma bara a wajen ɗaurin auren jikarsa, ina rabon goro, na ji babban ɗansa yana ba abokansa labari yana dariya, wai da gidanmu akwai Fijo, Baba Ƙarami ne ya kashe ta da gudu. Yaron da ko rarrafe bai fara ba lokacin. Ashe maganar gado aka bar musu ita. Shi ya sa na rubuta wannan da lissafinsa, kilomita da kwanaki, in ya so duk mai ja ya ɗauki biro.

Shi kuwa ɗan maƙwabcin namu na ce masa ya daina tambayar shekara, ya kawo motar da safe kafin ya tafi lodi. Ya kawo jiya. Na sa shi ya ɗaga bonet, na zaro sandar na goge na mayar na sake zarowa. Man yana ƙasa da layi, na murza na ji ya tsinke. Na kama yatsansa na sa shi ya murza. Na ce yaushe rabonka da juye? Ya yi shiru yana lissafi, ya ce tun da ya karɓo ta dai bai yi ba, sawu goma sha huɗu ke nan zuwa da dawowa. Abuja ta haura kilomita 400, sai ku buga ku gani. Na ce ajiye lodin yau ka wuce gareji. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, balas fa? Mai motar ba ya jin wannan." Ya rufe bonet, ya yi mini godiya sosai, ya nufi tasha.

Maganar auren sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.