Ranar da na haɗa kwamfutata da hannuna

Ni dai sana'ata editin ɗin bidiyon biki da suna, a Tudun Wada nake, kuma laftof ɗina ta gaji sosai, bidiyo ɗan ƙarami sai ta wuni tana fitar da shi fanka na ta ƙara kamar injin markaɗe, masu biki kuma ba sa jira. Shi ne na ce bari in riƙa sayen kaya da ɗaiɗai in haɗa ta tebur da kaina.

Wata biyar na yi ina tarawa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na ɗauki Ryzen 5 5600, madabod, wato allon da ake ɗora sauran kayan a kai, B550, ram, wato ma'ajiyar wucin gadi, DDR4 guda biyu masu giga 8 kowanne, sai katin girafik mai fitar da hoto GTX 1660 Super na hannu da na samu a wani shago wajen Ahmadu Bello Way, sai da na sa aka gwada shi a gabana kafin na biya. Sauran kayan daga Computer Village ta Ikeja aka ɗoro min a mota na je tasha na karɓa.

Lokacin hunturu ne kuwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, iska ta bushe har in ka taɓa ƙofar mota sai ka ji ta ɗan ja ka, to wannan 'yar wutar ta jiki tana iya kashe ram ko madabod ba tare da ka ga komai ba. Na naɗe kafet, na cire rigar sanyi, na ɗora madabod a kan kwalinsa, kuma duk bayan ɗan lokaci sai na taɓa ƙarfen kes ɗin, wato akwatin kwamfutar, don wutar jikina ta fita.

Sa furosesa ne ya fi tsinka min zuciya wallahi. Ƙasansa allurai ne 1331 sirara kamar gashi, ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku. Akwai 'yar alama mai kusurwa uku ruwan zinare a gefe, ka daidaita ta da ta soket, wato mazauninsa a madabod, shi da kansa zai faɗa ciki, in ka ji kana dannawa to ba daidai ka sa ba. Ram kuma akasin haka, sai ka danna da ƙarfi ka ji ƙas, a rami na biyu da na huɗu na madabod.

Bayan isha'i na gama, na yi bismilla na kunna. Fankoki suka juya, fitila ta kama, sikirin baƙi ƙirin. Na cire ram na mayar, shiru. Jikina ya yi sanyi don kuɗin wata biyar ne a gabana. Na kira wani abokin yayana mai gyara, na ce Yaya don Allah taimaka, ya ce ƙanena kwantar da hankalinka, ina ka soka wayar HDMI mai kai hoto sikirin? Na ce a madabod. Ya ce to 5600 ba shi da girafik a cikinsa, mai G a ƙarshe ne ke da shi, mayar da ita jikin katin. Ina mayarwa hoto ya fito, sai da na yi hamdala da ƙarfi har Umma ta leƙo.

Shi ne ma ya nuna min a BIOS, wato shafin saitin madabod, ram ɗina na tafiya a gudun 2133 alhali mai gudun 3200 na saya, sai ka kunna saitin XMP da kanka kafin ya kai cikakken gudunsa.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai niyya, kar ka yi rowa a fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa kayan kwamfutar wuta. Mun san yadda wutarmu take, a ɗauke a kawo da ƙarfi, mara suna mai araha in ya ƙone yana iya tafiya da katin da madabod gaba ɗaya. Na sayi mai wat 550 mai tambarin 80 Plus Bronze, na haɗa da UPS mai riƙe wuta in an ɗauke. Ƙura kuma duk sati biyu nake buɗe gefen kes ɗin in hure ta da bulowa, ina riƙe fanka da yatsa kar ta juya.