Godiya ga 'yan sintirin garinmu da duk wanda ya bi sawun shanuna

Assalamu alaikum. Jama'a da yawa sun kira ni a waya, wasu sun tako har gida yi mini jaje, ban kuwa samu na bi kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na rubuto nan. Alhamdu lillahi, shanun huɗata biyu da aka kwance daga turke daren Talata sun dawo gida. Lafiyarsu ƙalau, in ban da ɗan ɗingishi da jan yake yi.

A ƙauye irin namu na ƙasar Ganjuwa, a raba mutum da shanun huɗa ana tsakiyar huɗa, ai daminar aka raba shi da ita ɗungurungum. Da su nake noma gonata, da su nake yi wa mutane huɗar kuɗi in sayi taki, da rani kuma su ja amalanke.

Wajen ƙarfe 2 na dare ƙanena ya tarar da igiya a yanke. Kafin in gama sa takalmi usur ya tashi, 'yan sintiri sun cika ƙofar gida. Allah Ya taimake mu an yi ruwa da magariba, ƙasa da laushi. Baba Sarkin Baka ya durƙusa da tocila, ya daɗe yana duban sawu, sannan ya ce mutum uku ne, kuma yamma suka yi. Gabana ya faɗi, domin yamma ita ce hanyar dajin Lame-Burra, dabbar da ta shiga can kuwa sai dai labari. Nan take shugaban 'yan sintiri ya raba mutanensa: wasu su bi sawu, biyu su hau babur su je su shaida wa dillalan karar Soro kamannin shanun, ko da ɓarayin za su juya su kai su kasuwa a loda su a mota zuwa kudu. Sauran suka yi ta buga waya ƙauyukan da ke gaba.

Ina roƙon a ji wannan da kyau. Da asubar nan akwai masu cewa ai mutanen ruga ne. To, yaran Arɗo ne suka hango shanun a cikin kwari da sassafe, Arɗo da kansa ya aiko aka sanar da mu, ya kuma sa matasansa suka tare ɗaya hanyar. Ba don su ba, da har yau muna nema. Arɗo, Allah Ya tsare maka dukiyarka kamar yadda ka tsare mini tawa.

Cikin ɓarayin, biyu sun tsere, an kama ɗaya, yaro ne da bai kai shekara ashirin ba. Da aka shigo da shi gari mutane suka yi masa ca da sanduna, ni kaina raina a ɓace yake. Mai Unguwa da Malam Liman suka sha gabansa, shugaban 'yan sintiri ya ce nasu aikin kamawa ne, hukunci yana hannun hukuma, duk mai son taɓa yaron sai dai ya fara da shi. Aka kulle shi a zauren Sarki har 'yan sanda suka iso. Wannan tsayuwar ta fi mini dawowar shanun, domin da jinin yaron nan ya zuba a kan dukiyata, ban san da wane ido zan sake kallon shanun ba.

'Yan sandan da suka zo ma na gode musu. Sun ɗauki bayani, sun damƙa mini shanuna a gaban shaidu, ba wanda ya nemi ko kwabo. Babbansu ya shaida mana cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaro na al'umma, ya ba da shawarar a kai sunayen 'yan sintirinmu ofis domin a san da zamansu.

'Yan sintirin nan ba su da albashi. Manoma ne kamarmu, su kwana a tsaye da gora da tocila, gari na wayewa su ɗauki fartanya. Ɗan kuɗin da muka yanka wa kowane gida duk mako, da yawanmu mun yi sakaci da shi, har da ni, na kuma biya bashina jiya. A daren nan da kuɗin aljihunsu suka zuba wa babur mai. Ɗaya daga cikinsu kututture ya yanke shi a ƙafa, yana gida a kwance, don Allah a riƙa leƙa shi.

Sarki, Allah Ya ja zamaninsa, ya ce a hallara a ƙofar fada ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a tattauna batun tociloli da rigunan ruwa da takalman roba. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Bauchi da Kafin Madaki, wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko da nasa ta hannun Mai Unguwa.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba majinyacinmu lafiya, Ya shirya yaron nan.