Ɗaukar keken hawan dutse a bayan Hilux mai rufi

Bayan Hilux mai ƙofa huɗu tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi ne, keken kuwa ya kusa mita biyu, don haka dole a cire tayar gaba. Nan ake yin ɓarna. Idan birkin na mai ne, a cusa ɗan kwali mai kauri tsakanin takalman birkin, domin da an taɓa hannun birki babu taya, sai su manne, faifan birkin da ke jikin tayar ya ƙi komawa tsakaninsu.

A sauke sirdi kada ya daki rufi. In kekuna biyu ne, kan wannan ya kalli bayan wancan, a sa bargo tsakani. Wanda za a kwantar, gefen sarƙa ya kalli sama, saboda ƙarfen da ke riƙe da giya saurin lanƙwashewa gare shi.