Daga Ayowa: mu ne ke shafa wa aladu mura

'Yan'uwa na Jos, ina gaisuwa, Allah ya bar zumunci. Tambaya ɗaya ce ta ishe ni a WhatsApp: "Wai aikin alade ya kai ka Amurka? Kar dai ka kwaso mana murarsu." Bari in amsa gaba ɗaya, sannan in zo kan maganar abinci da na yi alkawari.

Jihar Ayowa mutanenta miliyan 3 ne da ɗoriya, aladunta kuwa sun haura miliyan 20. Ranar da na fara zuwa wata gona ɗibar majinarsu don gwaji, ana wani sanyi da hunturun Jos ko ƙaninsa bai kai ba, sai aka tsayar da ni a ƙofa da takarda. Yaushe rabonka da wata gona? Kana tari? An yi maka rigakafin mura? Daga nan ka tuɓe, ka yi wanka har gashin kai, ka sa kayansu har ɗan kamfai. Fitowa ma wani wankan. Na ɗauka ni ake karewa. Manajan ya kwashe da dariya, ya ce aladun ake karewa daga gare ni.

Da gaskiyarsa. Murar 2009 da ta ɓulla a Meziko daga alade ta fito, amma tun daga nan mutane ke ta mayar musu da ita, fiye da yadda su ke ba mu. Ƙwayar cutar gutsure takwas gare ta, maƙogwaron alade kuma yana karɓar ta mutum da ta tsuntsu. In biyu suka haɗu a jiki ɗaya sai su yi musayar gutsure, sabuwa ta fito. Sai ta yi shekaru a garke tana canza kama, ranar da ta dawo kan mutane, jikin yara bai san ta ba. A 2012 mutum sama da 300 suka kamu a nan Amurka, yawancinsu yara da suka je bajekolin dabbobi.

Nakan tuna bayan gidan wani maƙwabcinmu a Tudun Wada. Agwagi na iyo a ruwan shan aladu, ɗan gidan na atishawa yana zuba musu dusa. Da ni ne, mai mura ya huta wani ya ba su, kaji da agwagi kuma a ware musu wurinsu. In garke ya kama tari lokaci ɗaya, cibiyar binciken dabbobi ta Vom ba nisa.

Abinci kuwa, daddawata ta ƙare tun Nuwamba. Duk mai tahowa ya taimaka.